Minti Goma Sha Ɗaya Da Na Manta Ban Yanke Ba

Ku matso kusa, yau ba zan yi ta zagaye-zagaye ba. Abin da ya same ni ranar Asabar ɗin da ta wuce, rabin masu rediyo a garin nan sun riga sun ji shi da kunnensu, don haka gara ku ji daga bakina kafin a kawo muku shi da ƙari.

A gidan rediyo nake aiki, amma ba na cikin waɗanda kuke jin muryarsu. Aikina tace shirye-shirye. A ɗauki magana, in zauna gaban kwamfuta in yanke tari da in'ina da "au, bari in sake," in haɗa abin ya fito sumul kamar mai maganar bai taɓa kuskure ba. Shekarata ashirin da takwas, kuma ba ni kaɗai ke riƙe da wannan lissafin ba. Mama tana riƙe da shi, Gwaggo ƙanwar Baba kuwa har watannin take ƙirgawa.

Ba wai manema ba sa zuwa ba ne. Biyu sun zo har falonmu, kuma da ƙafarsu suka fita ba su dawo ba. Baba ba ya tsawa, ba ya kora, tambaya kawai yake yi. Na farkon ya ce shi mai son karatu ne, Baba ya tambaye shi littafin da ya karanta na ƙarshe, bawan Allah ya shiga kame-kame. Na biyun ya ce ba ya wasa da jam'in asuba, Baba ya tambaye shi ko liman ɗinsu tsoho ne ko matashi, sai ga mutum yana kallon rufin ɗaki. In sun tafi abu ɗaya yake ce mini, "Uwata, wannan bakinsa daban, shi daban." Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

To na ukun nan shi ne ban shirya rasawa ba. Shi ke gabatar da shirin kiɗa da gaishe-gaishe na ƙarfe huɗu ranar Asabar, shi ya sa kowa ke ce masa Na Asabar, har mu abokan aikinsa. In kun ji muryarsa za ku zata wani ƙato ne mai cika kujera, alhali siriri ne dogo, mai kunya, wanda in na kalle shi da yawa sai ya hau gyaran agogon hannunsa. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Son da ya sa na yi wautar da zan ba ku labari.

Sai kun san Baba da rediyonsa kafin ku gane girman abin. Tun da ya yi ritaya daga gidan waya, ƙarshen mako nasa ne shi da wata baƙar rediyo mai eriya da aka ɗaure da zare. Yana da kujerarsa a bakin taga. Ranar Asabar zai ji labaran ƙarfe ɗaya, ya ji sharhin da ke biye, ya ji kiɗan ƙarfe huɗu, ƙarfe biyar rediyon ta ɗauke shi zuwa filin ƙwallo, inda yake goyon bayan masu jar riga kamar da shi aka kafa ƙungiyar. Ranar Lahadi da bakwai karatun malam, da tara kuma in aka sa addu'ar coci ba ya canza tasha, wai mawaƙansu sun iya jera murya. Duk mako sai ya tura saƙon gaisuwa a shirin Na Asabar, kuma duk mako sai ya yi mitar cewa ba a karanta nasa sai bayan kwana bakwai.

Dalilin jinkirin kuwa shi ne yadda muke aiki. Ranar Asabar da Lahadi gidan rediyonmu kusan kango ne. Labarai da ƙwallo kaɗai ake yi kai tsaye. Sauran duk tun Alhamis ake ɗauka, in tace su, ranar Juma'a in jera su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta yi ta sakinsu da kanta, Injiniya yana leƙawa jifa-jifa. Baba ya san da haka. Shi ya sa da na tattaro ƙarfin hali na ce akwai mai son zuwa gaishe shi, na faɗi ko wane ne, sai ya ɗan yi murmushi ya ce, "Ki ce ya zo Asabar ƙarfe huɗu. Ina so in ga yadda mutum ke zama a gabana yana kuma magana a cikin rediyo."

Ranar Alhamis muka shiga ɗaukar shirin, ni da shi. In an kai rabi, akan tsaya a huta, a wurin nake saka talla da taƙaitattun labarai daga baya. Ba na tsayar da na'ura a lokacin hutun, barin ta nake tana ɗauka, in na zo tacewa in yanke. Kowa a gidan haka yake yi. A wannan hutun ne na zaunar da shi na ba shi darasi a kan Baba, sannan na fita amsa kiran Manaja. Abin da na ce za ku ji shi a inda kowa ya ji shi.

Ranar Juma'a na tace shirin tsaf, na ajiye tataccen kusa da ɗanyen. Ina cikin jera na ƙarshen mako wayata ta hana ni sakat. Gwaggo ce.

"Kina ina? Tela ya ce in ba ki zo gwaji kafin ƙarfe uku ba zai rufe shago."

"Gwaggo, ina wurin aiki."

"Aikin ne zai aure ki? Ki taso."

Da waya a kunne na ja shirin na jefa a gurbin ƙarfe huɗu. Sunayen biyu iri ɗaya ne, kalma ɗaya ce ta raba su a can ƙarshe. Da na kalli tsawonsa da na gani, don ɗanyen ya ɗara da minti goma sha ɗaya. Ban kalla ba. Na ɗauki jakata na tafi wurin tela.

Asabar tun da safe gidanmu ya koma kamar za a karɓi baƙon gwamnati. Mama ta sa aka sauke labulen falo aka ɗaura masu ruwan zuma waɗanda ba a fito da su sai da dalili. Aka fito da kofunan da ke cikin kabad ɗin gilashi, waɗanda tun ina yarinya ban taɓa ganin an sha ko ruwa da su ba. Ni kuma na sa doguwar rigar da tela ya ɗinka, ruwan toka mai ɗan aiki a wuya da bakin hannu, na yafa mayafi fari ƙal. Gwaggo ta zagaye ni sau biyu ta ce janbakin ya yi yawa, na goge, Mama ta ce na zama kamar marar lafiya, na ƙara.

Huɗu saura kwata saƙonsa ya shigo: "Ina ƙofar gida."

Na rubuta: "Ka tuna abin da na koya maka?"

"Kamar karatun jarrabawa."

"Ja, ba shuɗi ba."

"Na ji, malama."

Ya shigo da sallama cikin farar riga da aka goge har tana ɗaukar ido, ya durƙusa ya gaida Baba, ya zauna a bakin kujera kamar wanda aka ce kujerar aro ce. Na kai musu shayi da biskit da ruwa mai sanyi, na gaishe shi kamar ban taɓa ganin sa ba, na koma bayan labulen da ya raba falo da baranda ta ciki. A nan na tarar da Mama da Gwaggo sun riga sun kafa kujeru biyu, sun bar mini tsayuwa.

Huɗu daidai kiɗan buɗe shiri ya tashi, muryarsa ta cika falon tana yi wa masu sauraro barka da yamma. Baba ya kalli rediyo, ya kalli mutumin, ya yi dariya har da buga gwiwa. "Ikon Allah. Ga ka nan, ga ka can." Ya ɗan rage sautin, amma bai kashe ba.

Aka taɓa hirar iyaye da dangi da aiki. Can Baba ya gyara zama, irin zaman da na san tambayoyi ke biyo bayansa.

"Kana kallon ƙwallo?"

"Ina kallo, Baba."

"Wace ƙungiya?"

"Masu jar riga, tun ina yaro."

"Madalla. Ranar Lahadi da safe fa, me kake yi?"

"Karatun malam na ƙarfe bakwai nake ji. Makon jiya ya yi magana a kan haƙƙin maƙwabci."

"Haka ne kuwa," in ji Baba, yana wani murmushi da ban gane kansa ba. "Ashe dai tafiyarmu ɗaya."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya ta raɗa, "Wannan ya ci." Mama ta ɗaga hannu sama tana motsa baki. Ni har na fara tunanin kalar da ƙawaye za su saka.

Huɗu da rabi waƙa ta ƙare. Muryarsa a rediyo ta ce za a je hutun talla a dawo. Na jira kiɗan tallar sabulun da na saka da hannuna. Shiru. Sai ƙarar jan kujera, sai wani ya buɗe gorar ruwa. Sai wata murya ta mace ta ce, "Yauwa, ajiye takardar nan ka saurare ni, maganar Asabar za mu yi."

Na ɗauki daƙiƙa kusan uku ina tunanin wace marar kunya ce wannan, kafin na gane muryata ce.

"In ya tambaye ka ƙwallo, ka ce masu jar riga."

"Haba, ni da aka haifa cikin shuɗi?"

"Ranar Asabar dai ja ne kai. In ya ce me kake yi Lahadi da safe, ka ce karatun malam. Makon jiya haƙƙin maƙwabci ya yi, ni na tace shi."

"Ni fa Lahadi in na yi asuba sai goma nake tashi."

"Wa ya tambaye ka gaskiya?"

Mama ta juyo ta kalle ni baki buɗe, Gwaggo ta ce "Innalillahi" a hankali ta dafe ƙirji. Na zaro waya na kira Injiniya. Sai da ta kusa tsinkewa ya ɗauka, bayansa hayaniyar mutane da ganguna.

"Injiniya, ka tsayar da na'ura, ɗanyen ne ke tafiya."

"Me? Ina filin wasa, muna ja wa 'yan sharhi waya. Ba na jin ki."

"Wa ke ofis?"

"Mai gadi. Ki turo saƙo."

Ya kashe. Daga filin wasa zuwa ofis tafiyar minti ashirin ce, daga gidanmu rabin awa. Babu abin da zan iya yi, kuma na san abin da ke tafe, don ni na faɗe shi. Na leƙa ta gefen labule. Na Asabar ya sunkuyar da kai yana murza agogonsa. Baba kuwa, abin mamaki, dariya yake ƙunshewa, kafaɗunsa suna motsi. Ya ma miƙa hannu ya ƙara sauti.

Muryarsa a rediyo ta ce, "Ni dai tsoro nake ji. An ce mahaifinki ba a yi masa wayo."

Tawa ta amsa, da wata dariya da har in mutu ba zan daina jin ta ba: "Kai dai yi yadda na ce. Baba ba wuya gare shi ba, kaɗaici ne ke damun sa. Tun da ya bar aiki ba mai zuwa wurinsa, abokan duk sun watse. Mu ma a gida in ya fara ba da labarin abin da ya ji a rediyo, kowa sulalewa yake yi. Ni kaina kai kawai nake gyaɗa masa, ba ji nake ba. Ka zauna ka saurare shi minti goma kamar abin ya dame ka, wallahi har ni har gidan sai ya ba ka."

Kafaɗun Baba suka daina motsi. Ina kallon fuskarsa dariyar ta zube daga kanta, ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya juya yana kallon taga. Mama ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. Wannan maganar ba falonmu kaɗai ta shiga ba. Ta shiga shagon mai aski na bakin titi, ta shiga motocin haya, ta shiga gidajen tsofaffin abokan aikinsa da na ce sun watse. Wayata ta fara tsalle a hannuna. "Ke ce a rediyo?" "Kunna tasharku yanzu yanzu." "Subhanallahi, babanki yana ji?" Wata ƙawata ma fuskar dariya ta turo guda biyar.

A rediyo aka ji ana kirana daga waje, na ce ina zuwa, ƙofa ta buɗe ta rufe. Na saki numfashi, na ce ko ba komai an gama. Abin da ban sani ba shi ne saura minti shida, kuma ban taɓa jin su ba, don da na zo tacewa daga farkon hutun na kama na yanke har ƙarshe ban saurara ba.

Aka ji danne-dannen waya. Sai muryarsa, ƙasa-ƙasa, ba irin ta shiri ba.

"Salamu alaikum, Baba. Na Asabar ne, na gidan rediyo. Eh, a cikin saƙonnin da kake turo mana na ɗauki lambar, ka gafarce ni." Ya yi shiru yana saurare. "Lafiya lau. Baba, jibi zan zo gaishe ka, kuma ba na so in shigo gidanka da ƙarya a bakina. Yanzu 'yarka ta gama ba ni darasi. Ni ɗan masu shuɗiyar riga ne, kuma ranar Lahadi barci nake yi, ban taɓa jin karatun bakwai ba." Shiru kuma, sai ya fashe da dariya. "In faɗa yadda ta koya mini? Baba, za ta kashe ni in ta gane. To, shi ke nan, yadda ka ce. Sai mun sha shayi ka tona mu. Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Wato tun Alhamis su biyun nan suka haɗa baki, ni da na ɗauka ni ce mai wayon gidan, ni aka shirya yi wa dariya bayan shayi. Murmushin da Baba yake yi ɗazu ke nan. Wasa ya shirya mini irin na uba da 'yarsa, ya kwana biyu yana jin daɗinsa shi kaɗai, ni kuma ga abin da na ajiye masa a ciki.

Ƙofa ta sake buɗewa a rediyo, muryata ta ce, "Mu ci gaba," kiɗa ya tashi kamar ba a yi komai ba. Waƙar soyayya ta yi ta zuba ita kaɗai a falon.

Baba ne ya fara magana, bai juyo daga tagar ba. "Wancan kashin na tsakiya ba ka gaya mini shi ba."

"Ban ga amfanin faɗar sa ba, Baba," in ji Na Asabar.

"Ka kyauta." Ya mayar da tabaransa. "Ke da ke bayan labule, fito."

Na zube a gabansa a kan kafet, rigar tela ta naɗe mini a gwiwa, hawaye sun wanke kwalliyar da aka yi ta gardama a kanta.

"Baba, wallahi ba haka nake nufi ba, bakina ne kawai..."

"Kada ki rantse. Ai ba ƙarya kika yi ba." A hankali yake magana, da ma tsawa ya yi mini da ya fi sauƙi. "Ina ganin ku kuna sulalewa. Na ɗauka aiki ne ya yi muku yawa. Ke kuma da kike zama kina gyaɗa kai, na ɗauka ke kina ji."

Mama ta fito ta tsaya a bakin labule tana kuka marar sauti. Na Asabar ya zamo daga kujera ya durƙusa shi ma, ya ce, "Baba, laifin har da ni, ni ne na..."

Baba ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi.

Gwaggo, wadda ko gobara ake yi sai ta tambayi abin da ya kawo ta, ta matso tana murza hannu. "To Yaya, a yi haƙuri, yarinta ce. Yanzu maganar da ta tara mu fa?"

Baba ya miƙe a hankali, ya naɗe eriyar rediyonsa, ya rungume ta a gefen ƙirji. Ya dubi Na Asabar tukuna.

"Wannan yaron na san shi. Shekara uku yana karanta saƙona, bai taɓa gajarta mini ko kalma ɗaya ba, kuma da aka ba shi ƙarya ya kawo mini, kirana ya yi ya mayar da ita. Tun Alhamis na amince da shi." Sannan ya sauke idonsa a kaina, ya daɗe yana kallona kamar baƙuwar da ta yi ɓatan gida. "Wadda zan ba shi ce ban sani ba. Sai na san ta tukuna za mu yi wannan maganar."

Ya wuce ɗakinsa ya tura ƙofa. Wayata tana ta ruri a hannuna, sunan Manaja a kai, ni kuwa ina durƙushe a inda ya bar ni, ƙofar nan kawai nake kallo.